Kai Yara Wurin Shaƙatawa A Ƙaramin Gari: Abin Da Za A Duba Daga Ƙofar Gida Har A Dawo

A garuruwa da dama akwai wani fili da aka kewaye da waya ko gajeriyar katanga, da itatuwan darbejiya da mangwaro, da bencina na siminti, da lilo biyu ko uku da wurin zamiya. Wani ƙaramar hukuma ce ta gina shi, wani ɗan kasuwa ne ya buɗe a bayan otal ɗinsa, wani kuma bakin dam ne kawai da mutane suka mayar wurin zama. Ga mai iyali, irin wannan wuri ya fi Gidan Zoo na Kano ko Gamji na Kaduna sauƙi nesa ba kusa ba, musamman a ranakun Sallah da cunkoso ke hana mutum ganin ƙafarsa. Kuɗin shiga kaɗan ne ko ma babu, ba doguwar tafiya, ga inuwa, ga fili da yaro zai yi gudu har ya gaji ya yi barcin kirki da dare. Yaran da suka tashi a gidan haya mai tsakar gida tafin hannu suna buƙatar wannan gudun.

Matsalar ita ce, a irin waɗannan wurare da wuya a samu wanda aikinsa shi ne ya duba ko ƙarfen lilo ya ci tsatsa, ko ya tsaya bakin ruwa yana lura da yara. Akwai mai karɓar kuɗin ƙofa, akwai maigadi, shi ke nan. Sauran aikin na wanda ya kawo yaran ne, kuma ga yadda ake yin sa.

Mataki na farko: je ka gani tukuna, ba tare da yara ba

Gani ya kori ji. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, uba ko babban wa ya leƙa wurin shi kaɗai. Ka fara da maigadi. Ka gaishe shi yadda ya kamata, "Sannu da aiki, Baba," sannan ka tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗewa, yaushe jama'a ke cika, akwai ban ɗaki da ruwa, ƙofa nawa ce. Dattijon da ke kwana a wuri ya san inda zuma ta yi saƙa da inda aka taɓa ganin maciji, kuma zai faɗa maka idan ka ba shi girmansa.

Daga nan ka zagaya shingen gaba ɗaya. Abin da kake nema shi ne ɓula: inda waya ta yanke ko katanga ta rushe, da abin da ke bayanta. Idan titi ne, ko kududdufi, ko tsohuwar rijiya, ka riga ka san ɓangaren da ba za ku shimfiɗa tabarma ba. Ka dubi ƙasa a lungunan da ba a cika zuwa ba. Fasassun kwalabe, guntayen taba da kwalaben maganin tari da aka shanye suna nuna su wa ke zama a wurin idan rana ta faɗi. Wannan ba ya hana zuwa da safe, amma ya ishe ka sanin cewa kafin Magariba kun bar wurin.

Kayan wasan su ne za ka daɗe a kai. Kama sandar lilon ka girgiza da ƙarfinka. Idan gindinta yana motsi a cikin ƙasa, a bar shi. Ka ɗaga kai ka dubi inda sarƙa ta haɗu da sandar sama, domin nan ne ƙarfe ke goga ƙarfe har ya sirance, kuma nan ne ake ɗaure wa da wayar ƙarfe ko igiya idan ƙugiya ta ɓalle. Ka shafa wurin zamiyar da hannu daga sama har ƙasa, a hankali, don gefen langa-langa da ya tashi yana yanka kamar reza. Ka duba ƙusa ko noti da suka fito. Idan akwai matakala ko shinge mai sanduna, ka auna tsakaninsu: ramin da ya kai santimita 9 zuwa 23 shi ne mai haɗari, jikin ƙaramin yaro zai wuce amma kansa ya maƙale.

Sai ƙasan da yaro zai faɗo a kai, wanda mutane ba su cika kallo ba alhali yawancin raunin wurin wasa daga faɗuwa yake zuwa. Yashi mai kauri, kusan santimita 30, yana cinye ƙarfin faɗuwa. Daɓen siminti ko busasshiyar ƙasar da ƙafa ta taka ta zama dutse ba sa cinye komai. A ganina lilo tsoho a kan yashi ya fi sabo fil mai fenti a kan siminti.

Idan wurin yana da kayan wasa masu aiki da janareta, ka bi wayar da ido daga injin har inda ta ƙare. Waya a ƙasa, an naɗe mahaɗinta da leda, a inda yara ke gudu ba takalmi, dalili ne da ya isa a canza wuri.

Mataki na biyu: zaɓen rana da lokaci

Ranar Sallah da washegari kowa ke fita, su ne kuma ranakun da ya fi kyau a bari su wuce. Rana ta uku ko ta huɗu yara na nan da kwalliyarsu da lallensu, masu hoto da masu sayar da balan-balan ba su tashi ba, amma turmutsutsun ya ragu. Idan garinku ana hawa, ku san hanyar da dawaki za su bi da lokacin, kada ku faɗa tsakiyarsu da yara. Asabar ta yau da kullum ta fi duka daɗi.

Lokaci kuwa ya danganta da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura maki 40 a Sakkwato, Maiduguri, Kano da Damagaram, kuma ƙarfen zamiya da ya sha ranar tsaka yana ƙona cinyar yaro cikin daƙiƙoƙi. A je da hantsi a dawo kafin Azahar, ko a fita bayan La'asar. Kowane lokaci aka je, babba ya fara ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen kafin yaro ya hau. Da hunturu, yaro mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, in ƙura ta yi yawa a ɗage fitar. Da damina a sa ido a gabas. Iskar da ke gaban hadari ita ke karya rassa, kuma gindin itace shi ne wuri mafi muni idan ana tsawa. A shiga gini ko mota mai rufi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Mataki na uku: sutura da jaka

Nan iyaye mata za su ɗan ji haushina. Kayan Sallah na hoto ne, ba na lilo ba. Dogon hijabi, mayafi mai reto, sarƙar wuya, igiyar wando da ta zubo, duk suna iya sarƙewa a sarƙar lilo ko a abin wasa mai juyawa, kuma abin da ya kama wuya ba ya ba da lokaci. A ɗauki hoton a gida ko a bakin ƙofa, sannan a canza wa yarinya ƙaramin hijabi da ya tsaya a kafaɗa da wando a ƙarƙashin riga. Sabon takalmi mai tsini ya huta a jaka, a sa wanda ya kama ƙafa.

Kafin a fita a ɗauki kowane yaro hoto a waya da kayan da zai yi wasa da su a ranar. A rubuta sunan uba, unguwa da lambar waya a takarda a sa a aljihun ƙananan, ko a rubuta lambar da biro a damtsensu. Wanda ya kai shekara biyar ya haddace cikakken sunan mahaifinsa, don "Abba" ba suna ba ne a wurin cigiya.

A jaka: ruwan sha daga gida fiye da yadda kuke zato, tabarma, buta, sabulu, filasta, bandeji, auduga, farasitamol na yara, da ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, biyu ko uku. A riƙe canji a hannu, domin POS da tiransifa sukan ƙi aiki daidai ranar da kowa ke buƙatarsu. Waya a cika ta da caji. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122, a Nijar kuma 17 ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana. Amma a ƙaramin gari abin da ya fi saurin amfani shi ne lambar direban da zai zo nan take, da sanin asibitin da ke buɗe ranar hutu.

A hanya, kada a cusa yara a Adaidaita Sahu har wani ya zauna a baki ƙafa a waje. Sawu biyu ya fi. Mai mota kuma kada ya bar yaro a ciki ya kulle ko da barci yake yi, ko da "yanzu zan dawo" ne.

Mataki na huɗu: raba yara da suna

Wannan shi ne zuciyar maganar. Ba a cika rasa yaro ba lokacin da uwa take ita kaɗai da 'ya'yanta biyu, don idonta ba ya barinsu. An fi rasa shi ranar da aka fito gida guda, da kishiyoyi da gwaggo da ƙannen miji da yara goma sha. Kowa ya saki jiki yana zaton wani na kallo. An shimfiɗa tabarma, an buɗe kula, hira ta yi daɗi, sai can wata ta ɗaga kai ta ce, "Wai ina autan Yaya?" Kowa ya dubi na kusa da shi.

Maganin abin shi ne tun a bakin ƙofa a raba yaran da suna, a faɗa da baki kowa ya ji. "Gwaggo, waɗannan biyun naki ne. Kawu, ga naka uku." Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai: babba ɗaya kada ya wuce ƙananan yara biyu ko uku, kuma ɗan ƙasa da shekara biyar ya kasance inda hannu zai kai gare shi. Wanda zai tafi alwala ko ban ɗaki ya miƙa nasa ga wani da baki, ya jira a amsa masa "na karɓa". Yarinya 'yar shekara goma da aka goya wa ƙaninta ba mai tsaro ba ce, ita ma wasa ta zo yi, kuma zalunci ne a ɗora mata laifi idan wani abu ya faru.

A nuna wa yara wurin haɗuwa guda ɗaya mai sauƙin ganewa, kamar teburin mai karɓar kuɗi ko babbar tsamiya. A faɗa musu: wanda ya ɓace ya tsaya cak a inda yake, ko ya je wurin matar da ke tare da yara, ko wurin mai kaki. Kada ya fita ƙofa ko da wani ya ce Mama ce ta aiko shi. Mutanen Kano ba su manta da yara tara da aka gano a Onitsha ta jihar Anambra a 2019 ba, bayan an sace su daga unguwanninsu. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, mafi yawan yaran da suka ɓace a wurin wasa suna bayan mai sayar da askirim ne, amma ya isa dalilin koya wa yaro cewa ba a bin baƙo don alawa.

A riƙa ƙirga kawuna lokaci-lokaci, da duk sanda aka tashi daga wuri zuwa wani. Waya kuma ta koma jaka idan an gama hoto. Hakan ya rage wa 'yan sane da masu ƙwace aiki, ya kuma mayar da ido inda ya dace.

Mataki na biyar: a wurin wasan

Lilo ya fi bugun wanda ke wucewa ta gabansa ko bayansa fiye da wanda ke kai. A koya wa yara su zagaya nesa. Mutum ɗaya a kujera, a zaune, ba tsalle daga sama. A zamiya ƙafa ce gaba, kuma sai na ƙasa ya tashi na sama zai sauko. Kada babba ya ɗora ƙaramin yaro a cinya su zame tare: takalmin yaron yakan maƙale a gefe, nauyin babban ya ci gaba, ƙashin ƙauri ya karye. Idan bai isa ya zame shi kaɗai ba, bai isa ba.

Ɗakin tsalle na roba da ake hura wa iska shi yara suka fi so, shi ne kuma mai shi ya fi cusa wa yara don kowane kai kuɗi ne. Ka tabbata an kafe shi da turaku ta kowane gefe, kada a haɗa 'yan shekara uku da 'yan sha biyu a ciki, kuma da iska ta taso a fito da su. Hawan doki ko raƙumi babu laifi idan mai dabbar yana riƙe da linzami yana tafiya a ƙasa, amma kada yaro ya bi ta bayan doki. Bindigar roba mai harsashi da nokawut, ni dai ba na saya. Idan wurin yana da biri a keji, hannu ya tsaya a waje, haka nan kada a jefi mangwaro a itacen da ba a san ko akwai zuma a kansa ba.

Mataki na shida: idan akwai ruwa

Wuraren da suka fi kyan gani a ƙananan garuruwanmu bakin ruwa ne, irin su dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970, da tafkin Bagauda. A je a sha iska a ci soyayyen kifi, amma yaro kada ya shiga. Nutsewa ba ta da ihu. Yaro yana shan ruwa ba ya iya kiran kowa, kuma ƙaramin yaro yana iya halaka a ruwan da bai kai gwiwar babba ba. Bakin dam da kududdufin da aka haƙi ƙasa suna da gangara mai santsi da rami na ba-zata. Idan wani ya faɗa, wanda bai iya iyo ba ya miƙa sanda ko igiya ko ya jefa jarkar da ba komai a ciki a rufe, kada ya bi shi, don haka ake rasa mutum biyu. Kwalekwale kuma, babu rigar ruwa, babu hawa.

Akwai haɗari na biyu da ba a gani a ranar: tsargiya. Tsutsar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke rayuwa a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga jiki, ko da wasa kawai aka yi da ƙafa a gefe. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wannan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, cuta ce da ke lalata mafitsara idan an bar ta, kuma tana da magani a asibiti, praziquantel.

Mataki na bakwai: ci da sha

Ba za a hana yaro komai ba, ai rabin daɗin fitar ke nan. A sayi abin da aka soya ko aka gasa a gaban ido yana zafi, kamar awara, ƙosai da tsire, da 'ya'yan itacen da za a ɓare da kai, kamar ayaba da lemo. Kankanar da aka yanka tun safe ƙuda na bi, da kunun aya da ya kwana a rana, da ƙanƙara mai launi da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a wuce su. A wanke hannu da sabulu kafin a ci. 'Yan ƙasa da shekara biyar kada a ba su gyaɗa ko alawa mai tauri suna gudu, kuma a tsince fasasshen balan-balan daga hannunsu.

Mataki na takwas: idan abin ya faru

Yaro ya ɓace: mutum ɗaya ya ruga ƙofa ya tsaya da maigadi, wani ya fara duba ruwa da titi kafin ko'ina, sauran su ɗaga murya suna faɗin kamanninsa, "Yaro ɗan shekara huɗu, shadda ruwan toka!" Kunya ba ta da wuri a nan. In an ɗan jima ba a gan shi ba, a yi cigiya a lasifikar masallaci mafi kusa, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa, a ba su hoton da aka ɗauka kafin a fito.

Ya faɗo ya bugu a kai: idan ya suma, ko yana ta amai, ko barci na fizgarsa ba ya tashi sosai, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta kunne, asibiti kai tsaye. Hannu ko ƙafa ta kumbura ba ya iya motsa ta: a tallafe ta yadda take, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar mai ɗori. Yankan ƙarfe ko ƙusa: a wanke da ruwa da sabulu, a danne jinin, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus. Ƙuna: ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki, ba manja, ba ƙwai. Cizo ko yaƙushin kare ko biri: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, wanda ba ya warkewa idan alamunsa sun bayyana. Saran maciji, musamman kububuwa: kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Abu ya shaƙe shi ba ya iya tari ko kuka: a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu, in bai fito ba kuma ya haura shekara ɗaya, a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa.

Zafi ya buge shi, ya yi laushi yana ciwon kai: inuwa, a rage kaya, a jiƙa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan babu ORS, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu ko ya kasa sha, asibiti.

Mataki na ƙarshe: tashi

A fara naɗe tabarma tun rana na da saura, don a bakin ƙofa lokacin da kowa ke fita a tare, ga babura ga duhu, nan ne yara suka fi sulluɓewa. A ƙirga su kafin a fita, a sake ƙirgawa bayan an shiga mota, kowa da sunansa. A kwashe ledoji da ragowar abinci. Idan ka ga lilon da ya kusa tsinkewa ko waya a tsirara, ka nuna wa maigadi, in wurin na ƙaramar hukuma ne ka faɗa wa kansila ko mai unguwa. A gida a yi wa yara wanka, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu saboda ƙaya da kwalba. Wanda ya bugu a kai, ko da ya warware yana wasa, a kwana ana leƙa shi, a kuma ci gaba da lura da shi har kwana biyu.